Jakara: Yadda Kogin da Ya Raini Kano Ya Koma Kwata

Tarihin sarakunan Kano ya ambaci Kurmin Jakara a matsayin wuri mai kwarjini tun zamanin Barbushe. A gefen wannan ruwa Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa Kasuwar Kurmi a ƙarni na 15. Ba za a ce ruwan garau yake a da ba, domin Clapperton da ya zo a 1824, da Barth da ya biyo baya a 1851, duk sun bayyana shi a matsayin fadamar da ta ratsa birni, ana zuba mata tarkace. Sai dai dattin wancan zamani mai ruɓewa ne. Majema da bagaruwa da toka suke jima, marina da baba suke rini, damina kuma na zuwa ta yi awon gaba da abin da ya taru.

A farkon shekarun 1930, zamanin Sarki Abdullahi Bayero, En'e ta jawo ruwan famfo daga Challawa. Gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, daga baya aka ƙara matatar Tamburawa. Kowace gwamnati ta yi alfahari da yawan ruwan da ta shigar cikin gari, amma ba a cika tambayar inda yake zuwa bayan an yi wanka da wanki da shi ba. Bayan gida yana sauka a masai, sauran kuwa sai ya bi rariya zuwa kwata, daga kwata zuwa kududdufi ko Jakara. Jini da tumbin mayankar Fagge ma hanyarsu ke nan.

Masana'antu ne suka sauya nau'in dattin. Rafin Getsi yana ɗauko ruwan Bompai ya haɗe da Jakara, Salanta kuma tana kai na Sharaɗa cikin Challawa, kogin da birnin yake sha. Kamfanonin jima sun bar bagaruwa sun koma gishirin kuromiyam saboda saurinsa. A nan gizo ke saƙar. Matatar ƙazamin ruwa aiki uku take yi: ta tsame shara, ta bar laka ta kwanta, sannan ta bar ƙwayoyin halitta su cinye ragowar dattin. A ƙasa mai zafi kamar Kano, jerin tafkuna masu faɗi da hasken rana sun isa su yi mafi yawan aikin, ba tare da dogaro da lantarki ba. Amma ƙwayar halitta ba ta cin ƙarfe. Kuromiyam, in ba a cire shi tun a harabar kamfani ba, kwanciya yake a laka ya shiga ƙasar noma.

Doka kam an yi. Bayan badaƙalar sharar guba ta garin Koko a 1988 aka kafa hukumar FEPA, a 1991 aka wajabta wa masana'antu tace ruwansu kafin su sake shi, a 2007 kuma NESREA ta karɓi aikin. Wanda ya tsaya bakin Getsi da rani, hancinsa ya isa ya gaya masa inda aiwatarwa ta tsaya.

A wa'adin Gwamna Kwankwaso na biyu aka fara rufe Jakara da kankare a cikin birni, ana shimfiɗa titi a kanta. Unguwannin da suka sha wari da ambaliya sun sami sauƙi, wannan ba abin rainawa ba ne. Landan ma ta binne magudananta bayan mugun warin 1858, amma ta gano cewa tura ƙazanta gaba kawai ta yi, dole daga baya ta gina matatu a bakin bututun. Kano ta tsaya a rabin farko.

Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin titin bai sauya ba. A Kwakwaci da Gama, masu lambu na jan sa da injin ban-ruwa suna shayar da latas da kabeji da alayyafo, kuma da wuya a ga laifinsu, tunda shi ne ruwan da ba ya ƙafewa da rani, ga shi da taki a cikinsa. Ragowar na gangarawa madatsar Wasai ta wajen Minjibir, wadda aka gina a 1976, inda masunta ke jefa koma. Da asuba, ganyen da kifin sukan kama hanyar kasuwannin birni.