Kare da Yaro Mai Galahanga: Abin da Ya Kamata Iyaye a Karkarar Kano Su Sani

A Kanada da Amurka da wasu ƙasashen Turai, iyalai da dama kan nemi kare domin ya zama abokin zaman yaro mai larurar galahanga, wadda likitoci ke kira otizim. Ga iyayen da ke ƙauyukan Bichi, Dambatta, Makoɗa, Kunchi ko Tsanyawa, amfanin wannan dabara ya danganta ne da abubuwa uku: halin karen, rigakafinsa, da kuma yadda shi yaron ya karɓe shi.

Larurar da haɗarinta a karkara

Hausawa kan haɗa larurori daban-daban a ƙarƙashin kalmar galahanga. Wadda ake nufi a nan ita ce wadda ke shafar magana da cuɗanya: yaro ya yi jinkirin magana, ya ƙi haɗa ido, ya riƙa maimaita motsi ɗaya, ko ƙara da taɓawa su firgita shi fiye da kima. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 na da ita. Larura ce ta yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa, ko da yake a ƙauyuka an fi jingina ta ga aljanu ko sammu.

Babbar fargabar iyaye ita ce sulalewar yaro daga gida. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2012 ya gano cewa kusan rabin yaran da aka duba sun taɓa yunƙurin fita ba da sanin kowa ba. A arewacin Kano, inda gona ke manne da gona kuma gidaje ke warwatse a tsakaninsu, gero da dawa kan rufe tsawon yaro da damina. Ga rijiyoyi marasa murfi, ga kududdufan da aka haƙi ƙasar gini, ga madatsun ruwa irin na Tomas da Watari, ga kuma manyan titunan Kano zuwa Katsina da Kano zuwa Daura.

Iyakar abin da kare zai iya

A ƙarshen shekarun 1990 wata ƙungiya a Kanada mai suna National Service Dogs ta soma horar da karnuka domin irin waɗannan yara. Akan haɗa yaron da karen da ɗamara, babba yana riƙe da linzami, ta yadda in yaron ya zabura karen zai tsaya cak. Horon kan ɗauki kimanin shekara biyu, ya kuma ci dubban daloli. Karen gida da ba a yi wa wannan horo ba, kuskure ne babba a ɗaure shi da yaro.

Abin da kare mai sanyin hali kan bayar shi ne natsuwa da tsari. Ba shi abinci safe da yamma kan zame wa yaro aikin da ya saba da shi, wani lokacin har ya zama dalilin furta kalma. Sakamakon binciken masana a kan wannan bai zo ɗaya ba: wasu yaran sun amfana, wasu kuma haushin kare ya ƙara musu firgici. Kare ba magani ba ne, kuma ba ya maye gurbin idon babba.

Matsayin addini

Mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen Kano ke bi, tana ganin kare mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da ya sha sau bakwai bin umarni ne. Sai dai ajiye shi yana da ƙa'ida. Risalar Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wadda ake karantawa a zaurukan malamai, ta taƙaita ajiye kare ga tsaron shuka, rakiyar dabbobi da farautar neman abinci. Wasu malamai sun yi ƙiyasin sauran buƙatu na gaskiya a kan waɗannan. Gidan manomi mai gona da turken awaki yana da dalilin da aka sani tun asali. Duk da haka, ya kyautu mai gida ya tuntuɓi malamin da ya amince da shi, kuma a yi wa karen makwanci a tsakar gida ko kusa da turke, nesa da ɗakin kwana da wurin salla.

Yadda ake zaɓa

Karnukan da aka fi horarwa a Turai, irin su Labrador, suna shan wahala a zafin Afrilu da kan haura digiri 40, ga tsadar abinci da magani. Karen gida ya saba da yanayin, kuma ana iya sanin uwarsa da gidan da ya tashi.

Hali zanen dutse ne, don haka babban kare da halinsa ya riga ya bayyana ya fi ɗan kwikwiyo, wanda ke cizon wasa da yakushi. A nemi wanda ya tashi cikin yara a gidan maƙwabci ko ɗan'uwa. A guji karen da mafarauta suka horar, domin an koya masa bin duk abin da ya ruga, yaro mai galahanga kuwa yakan ruga ba zato. A guji wanda ya daɗe a ɗaure, da wanda ke gurnani in an kusanci abincinsa, da mai bin kaji da awaki, wanda zai iya kai maƙwabta gaban mai unguwa.

Kafin a kawo shi gida, a kai yaron ya gan shi daga nesa sau da yawa, ba tare da tilas ba. In yaron yana toshe kunne, yana kuka ko yana ɓuya, to ya ba da amsarsa. In ya matso da kansa, a koya masa shafa baya a hankali, ban da jan wutsiya ko kunne. Ko bayan sun saba, kada a bar su su biyu.

Rigakafi kafin komai

Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum 59,000 duk shekara a duniya, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Da zarar alamominsa sun bayyana, kusan babu mai tsira. Yaron da ba ya magana ba zai faɗi cewa an cije shi ba, shi ya sa ya zama dole a riƙa duba jikinsa lokacin wanka.

Ana yi wa kare allurar farko yana wata uku, a sabunta ta duk shekara. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato na sarrafa wannan allura, kuma asibitin dabbobi ko jami'in dabbobi na ƙaramar hukuma shi ne wurin tambaya. A haɗa da maganin tsutsar ciki da na kaska. In an samu cizo ko yakushi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a garzaya asibiti a ranar domin allura.

In kare bai dace ba

Wani bincike da Marguerite O'Haire ta jagoranta a makarantun Ostireliya, wanda aka wallafa a 2013, ya nuna yara masu galahanga sun fi magana da murmushi a gaban ɓeran Masar fiye da a gaban kayan wasa. Zomo, tantabara ko 'yar akuya na iya yin irin wannan aiki, kuma kiwonsu sananne ne a kowane gida.

Kafin dabba kowace iri, yaron na buƙatar ganin likita, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a Janairun 2019, ta tabbatar wa irin waɗannan yara haƙƙin ilimi da kula da lafiya. Rufe rijiyoyin jama'a, yi wa karnuka rigakafi ƙauye-ƙauye, da samar da malaman da suka san larurar a makarantun firamare, ayyuka ne da mazauna waɗannan ƙananan hukumomi ke da hurumin tambayar kansilolinsu da shugabanninsu a kai.