Lambar Shiyya da Tambayar "A Ina Kake Shuka?"

Duk wanda ya saba karanta rubutun masu lambu na ƙasar Amurka zai lura da wata al'ada tasu. Kafin mutum ya nemi shawara kan itacen ɓauren da ya ƙi yin 'ya'ya, ko furen da ya bushe masa, sai ya fara faɗin lambarsa: ni ɗan shiyya ta 6b ne, ni 'yar shiyya ta 9a ce. In ya manta, ita ce tambayar farko da za a yi masa. Lambar tana jikin takardar da ake ɗaura wa dashe a wurin masu sayar da tsirrai, tana cikin littattafan lambu, har ta zama kamar yadda muke tambayar baƙo garinsu kafin zance ya yi nisa. Al'adar tana da tushe mai kyau, domin shawarar noma da ba a san ƙasar da ta fito ba tana iya cutar da mai bin ta. Sai dai lambar nan tambaya ɗaya tak take amsawa, kuma tambayar ta mutanen ƙasar ƙanƙara ce. Wanda ya ɗauke ta a matsayin cikakken bayanin wuri zai yi asara ko a Amurkar, balle a Kano ko Maraɗi.

Asalin abin daga Boston ne. A shekarar 1927 Alfred Rehder, masanin itatuwa a gandun bincike na Arnold da ke ƙarƙashin Jami'ar Habad, ya fitar da taswirar da ta raba ƙasar gwargwadon sanyin da itatuwa ke iya jurewa. Donald Wyman na gandun ya sake ta a 1938. Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta fitar da tata a 1960, ta yi mata manyan gyare-gyare a 1990 da 2012, sannan ta baya-bayan nan ta fito a watan Nuwamba na 2023. Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar daren da ya fi kowane sanyi a shekara, a yi haka na shekara talatin, a fitar da matsakaici. Kowace shiyya tana ɗauke da tazarar digiri 10 a ma'aunin Faranhait, wato kusan digiri biyar da rabi a ma'aunin Salsiyas da muka saba da shi, kuma an raba ta gida biyu, a da b. Shiyyoyin 13 ne. Ta farko tana tsakiyar Alaska, inda sanyi ke kai digiri 50 ƙasa da sifili. Ta 12 da ta 13, waɗanda aka ƙara a 2012, na tsibiran Hawai da Potoriko ne. Taswirar 2023 ta dogara da bayanan tashoshin yanayi 13,412 na shekarun 1991 zuwa 2020, inda ta 2012 ta dogara da 7,983, kuma kusan rabin ƙasar ya matsa zuwa rabin shiyya mafi ɗumi.

Aiki ne na ƙwarai, ban raina shi ba. Mutumin da zai kashe kuɗi ya dasa itacen da zai shekara ashirin yana da haƙƙin sanin ko itacen zai wuce hunturun garinsu da rai, kuma taswirar ta ba shi amsa mai sauƙin riƙewa. Hukumar inshorar amfanin gona ta ma'aikatar ma tana duba ta. Matsalar tana farawa ne idan aka ɗora wa lambar kayan da ba nata ba. Ba ta san ruwan sama ba, ba ta san zafi ba, ba ta san irin ƙasa ko tsawon yini ba. A taswirar 2012, birnin Siyatil da ke arewa maso yamma da birnin Ostin na jihar Tekzas duk shiyya ta 8b suke. Na farko gari ne na yayyafi da hadari da bazara mai sauƙi. Na biyu gari ne da rana ke ƙona ganye wata da watanni. Masu lambu biyu daga waɗannan birane za su nuna wa juna lamba iri ɗaya, su ɗauka maƙwabta ne, alhali abin da ya yi kyau a lambun ɗaya zai ƙone a na ɗayan. Kuma da yake matsakaici ne ake ɗauka, ba ya hana dare ɗaya ya zo da abin da ba a saba ba. A Fabrairun 2021 sanyi ya sauka a Tekzas ya wuce iyakar da lambar Ostin ta nuna nesa ba kusa ba, itatuwan da suka yi shekaru lafiya suka mutu cikin mako guda.

Amurkawan da kansu sun ga giɓin. Ƙungiyar masu lambu ta ƙasar ta fitar da taswirar zafi a 1997 mai shiyya 12, wadda ke ƙirga kwanakin da zafi ya wuce digiri 30 a shekara, mujallar Sunset kuma ta daɗe da nata rabon mai duba ruwa da iska da tsawon lokacin shuka. Ba ɗaya da ta samu karɓuwar taswirar sanyi. Lamba ɗaya da harafi ɗaya sun fi saurin shiga baki.

Abin ya shafe mu ne ta hanyar waya. Matasa da matan aure da ma'aikatan da suka yi ritaya suna shuka a buhu da bokiti a tsakar gida, kuma da yawan abin da suke koyo daga bidiyon YouTube da shafukan Facebook na mutanen ƙasashen sanyi yake zuwa. Idan aka auna ƙasarmu da wancan ma'auni, daga Sakkwato har Legas duk za mu cunkushe a shiyyoyi biyu zuwa uku na ƙarshe, domin ƙanƙara ba ta kwanta mana. Ma'aunin zai ce kusan komai zai rayu a nan. Manomin da ya ga geronsa ya bushe bayan ruwan farko ya ɗauke, ko ya ga furen tumatur yana zubewa a zafin Afrilu, ya san ba haka abin yake ba. Abin da ke kashe mana shuka shi ne fari, da zafin bazara, da ruwan da ke kwanciya a gindi cikin Agusta.

Na ga wannan da idona a bayan ɗakina. Wata shekara na sayi irin albasa na ƙasar waje a cikin 'yar takarda mai hoton albasa ƙatuwa, ga jerin shiyyoyin da aka ce tana yi a cikinsu. Na yi raino a watan Oktoba, na dasa a kwami uku da na zuba wa takin awaki, ina ba su ruwa safe da yamma. Ganye ya tashi kore shar, ya kai gwiwa. Na jira har Maris, na tona, sai na tarar da farin gindi mai kaurin babban yatsa, babu kai ko ɗaya. Wani dattijo mai lambu a bakin fadama ya ɗaga guda ɗaya ya duba, ya ce, "Malam, wannan ba 'yar ƙasar nan ba ce. Ka nemi ta Galmi." Daga baya na fahimci dalili. Albasa tana fara yin kai ne idan tsawon yini ya kai wani mizani. Irin da aka yi don ƙasashen arewacin duniya yana jiran yini mai awa 14 ko fiye, mu kuwa a Kano, da muke kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yininmu ba ya kai awa 13 ko a lokacin da ya fi tsawo. Albasar tana jiran ranar da ba za ta taɓa zuwa ba. Jar albasar Galmi ta jihar Tawa a Nijar, da wadda ake nomawa a Aliero ta jihar Kebbi, irin gajeren yini ne, shi ya sa suke cika buhu. Babu inda lambar shiyya ta taɓo wannan magana.

Tumatur ma haka. Ba'amurke yana dasa shi ne bayan ƙanƙarar ƙarshe ta wuce, ya girbe a watanninsu na zafi. Manomin Kadawa, da ke shan ruwan madatsar Tiga, yana samun mafi kyawun amfaninsa ne a sanyin hunturu. Wanda ya bi kalandar wancan a nan ya juya shekara kai ƙasa.

Saboda haka ina ganin al'adar faɗin wuri kafin neman shawara ta cancanci mu ɗauke ta, amma da namu ma'aunin. Muna da shi tuntuni. Masana tun zamanin R. W. J. Keay sun raba arewa zuwa yankin Sahel da na Sudan da na Gini, gwargwadon ciyayi da ruwa, kuma cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya tana fitar da iri ne tana faɗin yankin da ya dace da shi. Hukumar NiMet tana sanar da hasashen faɗuwar damina da ɗaukewarta kowace shekara. Manomi kuwa yana da kalmomin da suka fi waɗannan kusa da ƙasa: jigawa ce ko fadama, rairayi ne ko laka, noman damina ne ko na rani, ruwan rijiya ne ko na kogi. Mai tambaya da ya ce yana kusa da Gumel, gonarsa jigawa ce, ruwa yakan zauna masa a ƙarshen Yuni ya ɗauke a Satumba, ya ba mai amsa abin da zai kama. Mutumin Jos, da tsaunin garinsu ya kai mita 1,200 har dankalin turawa yake yi, in bai faɗi inda yake ba zai ɓatar da ɗan'uwansa na Nguru da kyakkyawar niyya. Da ɗan gari akan ci gari.

Akwai mai cewa a wannan zamani na satar mutane ba hikima ba ce manomi ya bayyana wa baƙi inda gonarsa take. Tsoron nan gaskiya ne, kuma bai kamata a matsa wa kowa ba. Amma abin da mai ba da shawara yake buƙata bai kai ga sunan ƙauye ko hanyar gona ba. Sunan babban gari mafi kusa, da irin ƙasar, da watan da ruwa ke sauka, sun wadatar a gane ko irin da ke hannun mutum zai yi kai ko ganye kawai zai yi. Shekarar da ta biyo bayan asarar albasata na dasa ta Galmi a kwamin nan uku, da taki iri ɗaya da ruwa iri ɗaya, na cire kwando biyu a watan Maris.