Yadda Hajijiya Ta Bar Ƙwaƙwalwa Ta Koma Kunne

A tsakiyar ƙarni na 19, idan mutum ya je wa likita a birnin Faris da kukan cewa ɗaki yana juya masa, ga amai, ga ƙara a kunne, amsa ɗaya yake samu: jini ne ya taru masa a ƙwaƙwalwa. Likitocin zamanin suna lissafa irin wannan hajijiya cikin dangin farfaɗiya da shanyewar ɓarin jiki. Maganinta kuwa a wurinsu shi ne rage jini, ko ta hanyar tsaga jijiya, ko a ɗora wa mutum matsattsaku su tsotse. Sai mara lafiya ya koma gida a galabaice, ga fargabar ajali ya kusa.

Tun a shekarun 1820 wani masani Bafaranshe, Pierre Flourens, ya riga ya ga bakin zaren. Can cikin kunne akwai wasu bututu uku masu lanƙwasa kamar rabin zobe, cike da ruwa, waɗanda a da ake zaton aikinsu ji ne. Flourens ya yanke su a kunnen tantabaru, sai ya tarar tsuntsayen suna ji, amma kansu yana kaɗawa, suna tangaɗi suna faɗuwa. Likitoci ba su ɗauki binciken da muhimmanci ba.

Wanda ya haɗa wannan da ciwon ɗan Adam shi ne Prosper Ménière, likitan makarantar kurame ta Faris tun daga 1838. Shekara da shekaru yana ganin mutanen da hajijiya ke kayarwa tare da ƙarar kunne da raguwar ji, alhali hankalinsu garau, ba inda ya shanye a jikinsu. A watan Janairun 1861 ya gabatar wa majalisar manyan likitocin Faransa hujjarsa cewa tushen ciwon yana cikin kunne. An yi ta jayayya da shi, kuma ya rasu a 1862 kafin a yarda da maganarsa. Sai a 1938 Hallpike da Cairns a Landan, da Yamakawa a Japan, suka nuna cewa ruwan cikin kunne ne ke yawa yana kumbura mazauninsa. Wannan ciwo shi ake kira da sunan Ménière har yau.

Mataki na gaba daga Biyana ya zo. Robert Bárány ya lura cewa marasa lafiyar da ake wanke wa kunne da ruwan sanyi sukan yi jiri, idanunsu na rawa zuwa gefe guda. Idan ruwan ya yi zafi, rawar idon sai ta juya ɗaya gefen. Ya gane cewa sanyi ko zafi ne ke motsa ruwan bututun nan, kuma da haka likita zai iya gwada kowane kunne shi kaɗai. Wannan ya ba shi kyautar Nobel ta 1914, kuma labarin ya iske shi yana fursunan yaƙi a hannun Rasha.

Bárány ne kuma, a 1921, ya bayyana wata hajijiya mai zuwa na ’yan daƙiƙu idan mutum ya juya a kan gado ko ya ɗaga kai. Margaret Dix da Hallpike suka fito da hanyar gano ta a 1952. Daga baya aka fahimci musabbabinta: wasu ƙananan ƙwayoyi masu sinadarin alli ne ke ɓallewa daga mazauninsu a cikin kunne su faɗa ɗaya daga bututun, sai su riƙa kai wa ƙwaƙwalwa labarin motsin da bai faru ba. A 1992 John Epley na Amurka ya wallafa hanyar juya kan mara lafiya daki-daki har ƙwayoyin su fice. Cikin ’yan mintuna ake yi, ba allura, ba tiyata. Ita ce hajijiyar kunne da aka fi samu.

Amfanin wannan tarihi ga mai karatu shi ne bambancewa. Duhun da ke rufe ido idan an miƙe da sauri yawanci na saukar bugun jini ne, ko ƙarancin jini, ko ƙishirwa. Jin duniya na juyawa kuwa galibi daga kunne yake, don haka ƙarin jini ko canza maganin hawan jini ba lallai su taɓa shi ba. Sai dai tsofaffin likitocin Faris ba su yi kuskure gaba ɗaya ba, domin toshewar jijiyar jini a ƙeyar ƙwaƙwalwa ma tana farawa da hajijiya. Idan ta zo da harɗewar harshe, ko gani biyu-biyu, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa tsayuwa, ko matsanancin ciwon kai, to asibiti za a nufa nan take, ba a jira wayewar gari.