Asirin Karofi

Sa'ad da Bature Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya iso Kano cikin 1851, ya tarar rinannun tufafinta suna kaiwa har Tambutu. To, ina asirin rinin nan?

Shunin baba ba ya narkewa cikin ruwa. Saboda haka masu rini kan zuba shi a karofi da toka da katsi, su bari ya kwana bakwai ko fiye. Waɗansu ƙananan halittu, waɗanda ido ba ya gani, su cinye iskar ruwan, su juya shunin har ya narke. In aka tsamo zane, kore-kore yake fitowa. Iska na bugunsa sai ya rikiɗe shuɗi, ya kama zare gam.

Cikin 1897 Jamusawa suka fara sayar da shunin masana'anta, mai araha. Sannu a hankali ya iso ƙasar nan, karofi da yawa suka zama kufai.