Angélique: fim ɗin da masana suka raina, talakawa suka rungume

A watan Disamba na 1964 gidajen silima na Faransa suka fara nuna wani fim mai suna Angélique, marquise des anges. Bernard Borderie ne ya shirya shi, daga littafin Anne Golon da mijinta Serge. Labarin kuwa, in aka cire sunayen Nasara, kowace yarinya daga Gazawa zuwa Gidan Rumji za ta rantse ta san shi. Uba mai sarauta amma aljihu wayam ya aurar da ɗiyarsa ga wani attajiri na birnin Tuluz, Joffrey de Peyrac, gurgu mai tabo a fuska, wanda ake raɗe-raɗin matsafi ne. Amarya ta ce ba ta so. Ango bai tilasta mata ba, ya yi ta haƙuri har ta kamu da sonsa. Daɗi ya fara kenan sai sarki Luwi na 14 ya ji ƙyashin dukiyar mutumin, aka jefa shi kurkukun Bastil, aka yi masa shari'ar tsafi, aka yanke a ƙone shi. Matar ta faɗa cikin ɓarayi da mabaratan Paris.

Masu sharhin fim na jaridun Paris sun yatsine fuska. Zamanin su Godard da Truffaut ne, ana ganin fim ɗin manyan riguna da takubba kayan tsofaffi ne, ba na masu tunani ba. Su kuwa talakawa ko a jikinsu. Kusan mutum miliyan 3 suka sayi tikiti a Faransa kaɗai, har sai da aka yi kashi biyar tsakanin 1964 da 1968, kuma tashoshin tele na can suka yi shekaru suna maimaita su.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne Tarayyar Sobiyet. Ƙasar da ake koya wa yara tun a lakwal cewa sarakuna da masu dukiya azzalumai ne, nan mutane suka yi ta layi don kallon wata marikiza mai gashin zinariya, ko da yake hukuma ta datse wuraren da take ganin batsa ne. Sunan Anjelika ya bazu a can, ana raɗa wa jarirai. Ba tarihin Faransa suka je koyo ba. Launi suka je gani, da soyayya, da mace mai faɗuwa tana tashi ba tare da ta nemi izinin kowa ba.

Waɗanda suka yi aikin ba su ji daɗin wannan ƙauna kamar yadda muke zato ba. Michèle Mercier, wadda ta fito a matsayin Angélique, ta makale cikin sunan, har daga baya ta buga littafi mai taken da ke nufin ita ba Angélique ba ce. Anne Golon ta yi ta ƙorafin cewa an mayar da jarumarta ƴar kwalliya kawai. A 2013 Ariel Zeitoun ya sake yin fim ɗin, marubuciyar ta yi na'am da shi, ƴan kallo suka ƙi zuwa. To wa ke da labari kenan, mai rubutawa ko mai biyan kuɗin shiga?

A wancan zamanin, finafinan da ake nunawa a ƙasashenmu renon Faransa kamfanoni biyu na Faransawa ke zaɓo su, COMACICO da SECMA. Abin da suka ga dama shi ake kallo: kaboyi, ƴan sanda, Indiya, takubba. Kuma muna da shaidar yadda samarinmu suka karɓe su. A fim ɗin Jean Rouch na 1958, Moi, un Noir, ƴan ci-rani daga Nijar da ke neman abinci a unguwar Tireshbil ta Abijan sun laƙaba wa kansu sunayen taurarin silima. Oumarou Ganda ya zama Edward G. Robinson, abokinsa ya zama Eddie Constantine. Shi wannan Constantine ɗin, wa ya fito da shi a matsayin Lemmy Caution a 1953? Borderie dai, mai Angélique. Wato hannun mutumin ya riga ya taɓa kawunan ƴan Nijar tun kafin marikizarsa ta fito. A 1966 Moustapha Alassane ya mayar da abin wasa a Le Retour d'un aventurier: saurayi ya dawo daga tafiya da akwatin kayan kaboyi, ya raba wa abokai, suka hau dawaki suka hana ƙauye sakat. Duk wanda ya ga yadda ƴan fada ke kiran juna da sunayen jaruman Indiya ko na Kano ya san wannan ɗabi'a ba ta mutu ba.

Amma akwai inda ya kamata mai kallo daga nan ya ɗan dakata da tafi. Kashi na biyar, Angélique et le Sultan, ya kai jarumar hannun masu cinikin bayi, aka kai ta gidan matan Sarkin Maroko. Musulmi a ciki ko mai sayen mata ne ko mai bulala. Babban bawan da ke tsaron matan, Bafaranshe Jean-Claude Pascal ne aka shafa wa duhu a fuska. Ana so mu yi kuka don an sayar da farar mace guda. Alhali shi Luwi na 14, wanda ake nuna mana fadarsa ta Basai tana walƙiya, shi ne ya sa hannu a 1685 kan dokar nan Code Noir, wadda ta lissafa baƙin bawa cikin kayan da ake gada kamar tukunya da tabarma. Wannan ba ya cikin fim, kuma masanan Paris da suka raina shi ba don wannan suka raina shi ba.

Ba ina cewa a daina jin daɗin labarin ba ne, wallahi yana da daɗi. Auren dole da ya rikiɗe ya zama so, ai shi ne rabin littattafan soyayyar da ke yawo a jakunkunan ƴan kwalej. Sai dai tarihi mai dawaki da bindiga muna da namu a bakin ƙofa. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratso ƙasar Hausa tana ƙona garuruwa, ta yi kisan gilla a Birnin Ƙonni, ta gwabza da Sarauniya a Lugu. A watan Yuli Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi, kwanaki kaɗan bayan nan sojojinsu suka kashe su biyun a yankin Maijirgi, nan kusa da mu a ƙasar Tasawa. Abdoulaye Mamani ya rubuta littafin Sarraounia a 1980, Med Hondo ɗan Muritaniya ya mayar da shi fim a 1986, aka ɗauka a Burkina Faso, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987. Ku zagaya wurin masu tura fim a waya a tashar Agye ranar kasuwa, ku ce a sa muku Sarauniya ta Med Hondo, ku ƙirga mutum nawa za su gane abin da kuke nufi.