MG 131: Tarihin bindigar jiragen saman yaƙin Jamus

MG 131 bindiga ce mai jigida da rundunar mayaƙan saman Jamus, wato Luftwaffe, ta yi amfani da ita a lokacin yaƙin duniya na biyu. Kamfanin Rheinmetall-Borsig ne ya tsara ta a shekara ta 1938, aka kuma riƙa ƙera ta daga 1940 har zuwa ƙarshen yaƙin a 1945. Haruffan MG taƙaitawa ce ta kalmar Jamusanci Maschinengewehr, ma'ana bindiga mai sarrafa kanta, yayin da 13 ɗin da ke farkon lambar ke nuni da kaurin harsashinta, wato milimita 13. An ƙirƙiro ta ne domin magance matsala guda, wato yadda za a sanya makami mai ƙarfi a cikin ɗan ƙaramin gurbin da aka tanadar wa wanda bai kai shi ƙarfi ba. Wannan matsala ce ta tsara kamannin bindigar, ita ce kuma ta yi mata iyaka.

Asalin bindigar

Yarjejeniyar Versailles da aka rattaba wa hannu a 1919 bayan yaƙin duniya na farko ta haramta wa Jamus mallakar rundunar mayaƙan sama, ta kuma ƙayyade irin makaman da za ta iya ƙerawa. Domin kauce wa wannan takunkumi wasu kamfanonin ƙasar suka mayar da ayyukansu ƙetare. A shekara ta 1929 kamfanin Rheinmetall na birnin Düsseldorf ya karɓi ragamar wata masana'antar makamai da ke garin Solothurn na ƙasar Suwizalan, kuma ta wannan kafa ce aka fito da bindigar MG 30, wadda injiniya Louis Stange ya taka muhimmiyar rawa wajen tsara ta. Sojojin Jamus ba su karɓe ta ba, sai dai Austriya da Hungary sun yi amfani da ita.

Daga MG 30 ne aka samo bindigogi biyu na jirgin sama. Ta farko ita ce MG 15, wadda maharbi ke juyawa da hannu, tana ɗauke da gangar harsashi 75. Ta biyun ita ce MG 17, wadda ake kafewa a jikin jirgi, matuƙi ya saita ta hanyar karkata jirgin baki ɗaya. Dukkansu biyun suna cin harsashi mai milimita 7.92, irin wanda sojan ƙasa ke zuba wa bindigarsa. Da waɗannan makamai Luftwaffe ta fito fili a 1935, lokacin da gwamnatin Adolf Hitler ta daina ɓoye shirinta na tara makamai.

Lokacin da sulke ya fi ƙarfin harsashi

A zamanin da jirage ke da ƙirar katako da yadi, harsashin ƙaramar bindiga ya wadatar. Amma tun daga tsakiyar shekarun 1930 aka koma ƙera su da ƙarfe, kuma bayan ɓarkewar yaƙi a 1939 aka shiga kare kujerar matuƙi da sulke, aka kuma lulluɓe tankunan mai da roba mai toshe hudar harsashi da kanta. A gumurzun da aka yi a sararin samaniyar Birtaniya a 1940 ɓangarorin biyu sun ga jirage na komawa sansani da huda masu yawa a jikinsu ba tare da sun faɗi ba. Daga 1941 kuma Jamusawa suka yi arba da jirgin Ilyushin Il-2 na Tarayyar Sobiyet, wanda aka kewaye injinsa da mazaunin matuƙinsa da sulke.

Sauya makami a jirgi irin Messerschmitt Bf 109 ba abu ne mai sauƙi ba. Jirgin siriri ne, kuma bindigoginsa biyu na zaune ne a ɗan wurin da ke saman inji, gaban matuƙi. Duk kilo guda da aka ƙara yana rage masa gudu da saurin hawa sama. Saboda haka abin da ake bukata shi ne bindigar da za ta shiga gurbin MG 17 ba tare da an sake ƙirar jirgin ba.

Tsari da yadda take aiki

Nauyin MG 131 kilo 16.6 ne, tsawonta kuma mita 1.17, kusan daidai da na MG 17. Tana harba harsashi kimanin 900 a minti guda, wato 15 a kowace daƙiƙa, da gudun kusan mita 750 a daƙiƙa. Tana aiki ne da ƙarfin turin da fashewar albarushi ke yi wa bindiga zuwa baya. Idan aka yi harbi, bututun da ƙarfen da ke toshe bayansa sukan ɗan ja baya tare, sai wani zobe ya juya ya raba su, ƙarfen ya ci gaba da tafiya ya fitar da kwanson da ya ƙone, sannan sifirin ya dawo da shi gaba da sabon harsashi daga jigida. Wannan dabara ta zobe mai juyawa gado ce daga MG 30. Iskar da jirgi ke ratsawa ce ke sanyaya bututun ta cikin hudojin da aka yi wa rigarsa.

Rashin nauyin nan bai samu a banza ba. Tsawon kwanson harsashin milimita 64 ne kacal, a daura da milimita 99 na bindigar Browning mai milimita 12.7 da jiragen Amurka ke amfani da ita. Ta Amurkan ta fi nauyi da kimanin kilo 10, amma harsashinta ya fi gudu, ya fi cin dogon zango, ya kuma fi huda ƙarfe. Domin cike wannan giɓi Jamusawa suka yi wa MG 131 harsasai iri-iri, ciki har da masu fashewa da masu tayar da gobara da masu huda sulke.

Harbi ta tsakanin farfela

Babban abin da ya bambanta MG 131 shi ne yadda ake tayar da albarushinta. A galibin bindigogi ƙusa ce ke dukan gindin harsashi, amma a wannan bindiga wutar lantarki ce ke yin aikin. Muhimmancin hakan ya samo asali ne daga 1915, lokacin da kamfanin Fokker ya sanya wa jiragensa na'urar da ke daidaita harbi da juyawar farfela, ta yadda harsashi zai wuce ta tsakanin fukafukanta ba tare da ya same su ba. Na'urorin farko na sandunan ƙarfe ne, kuma suna rage yawan harbi. Da lantarki kuwa ana iya zaɓar ainihin lokacin tashin kowane harsashi, don haka asarar da ake yi ta ragu. Kazalika dabarar ta sauƙaƙa sarrafa bindigar daga nesa, kamar yadda aka yi a jirgin Messerschmitt Me 410, inda aka kafa guda ɗaya a kowane gefen jirgin suna kallon baya, maharbi na juya su daga mazauninsa.

A fagen daga

A farkon 1943 aka fara sanya MG 131 guda biyu a samfurin Bf 109 G-6, kowace da harsashi 300, abin da zai ƙare cikin daƙiƙa 20 ko ɗan fiye idan aka danne kunama ba sassauci. Ko da yake tsawonta ya dace da gurbin, bayanta ya fi na MG 17 girma, lamarin da ya tilasta yin tudu biyu a kan murfin injin. Matuƙa suka laƙaba wa jirgin suna Beule, ma'ana ƙulu, kuma tudun ya ɗan rage masa gudu har sai da aka gyara murfin a samfurorin baya. Jirgin Focke-Wulf Fw 190 ya samu bindigar tun daga samfurin A-7, haka nan jiragen jefa bama-bamai irin su Dornier Do 217 da Junkers Ju 188 da Heinkel He 177 sun yi amfani da ita wajen kare kansu. Rundunar mayaƙan ruwan Japan ma ta ƙera irinta, amma ta koma ga tsohuwar dabarar dukan ƙusa.

Sai dai a lokacin da bindigar ta wadata, yanayin yaƙin ya riga ya sauya. Tun daga watan Janairun 1943 manyan jiragen Amurka masu inji huɗu samfurin B-17 suka fara kai wa Jamus farmaki da rana, kuma kakkaɓo irinsu na bukatar makamin da ya fi milimita 13. Ta haka nauyin aikin ya koma kan ƙananan igwa, wato MG 151/20 mai milimita 20 da MK 108 mai milimita 30, MG 131 ta zama mataimakiya. A ƙarshe ma ƙarancin man fetur da na ƙwararrun matuƙa, gami da jiragen rakiya na Amurka samfurin P-51 Mustang da suka yawaita a 1944, su ne suka karya lagon Luftwaffe.

Masana'antun da bayan yaƙi

Kamar sauran manyan kamfanonin makamai a ƙarƙashin mulkin 'yan Nazi, Rheinmetall-Borsig ya dogara da aikin tilas na dubban mutanen da aka kwaso daga ƙasashen da Jamus ta mamaye, da fursunonin yaƙi, da kuma waɗanda ake tsare da su a sansanonin gwale-gwale. A garin Unterlüß, inda kamfanin ke da masana'anta da filin gwajin makamai, an tilasta wa ɗaruruwan mata Yahudawa aiki a wani reshe na sansanin Bergen-Belsen daga 1944.

An daina ƙera MG 131 da faɗuwar Jamus a watan Mayun 1945, kuma ƙasashen ƙawance suka haramta wa kamfanin harkar makamai, sai a 1956 ya koma ƙera su domin sabuwar rundunar Bundeswehr. Dabarar tayar da harsashi da lantarki ta ci gaba da aiki a igwar jirage irin su M61 Vulcan ta Amurka, yayin da ragowar bindigogin MG 131 ke ajiye a gidajen adana kayan tarihi.