Daga tubali zuwa bulo: yadda ɗakunanmu suka koma tanda

Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin haya a Kuchigoro cikin watan Maris ya san zancen. Ƙarfe goma na dare, an ɗauke wuta, ka dafa bango ka ji shi da ɗumi, yara na kuka, uwarsu na fifita. A waje kuma sauro na jira. Sai ka ji wani dattijo ya ce, "Mu a gida ɗakin ƙasa muke kwana, ba mu san wannan azaba ba." Gaskiya ya faɗa. Sai dai fa rabin ɗakunan da muke kuka da su a nan ma na ƙasa ne, an dai shafe su da siminti. To ina bambancin yake?

Maginan ƙasar Hausa da tubali suka yi suna. Jan ƙasa ake haƙowa, a jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake, a bar ta ta kwana biyu tana ruɓa, sannan a mulmula da hannu, gindi da faɗi, kai a tsuke, a shanya a rana. Wajen gini a tsaye ake jera tubalan, layi biyu ko uku ko fiye, ana cike tsakani da cuɗaɗɗiyar ƙasa. Shi ya sa bangon soro yake da kauri sosai daga ƙasa, yana sirancewa in ya yi sama. A yi rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, a ɗora ƙasa a kai, a shafe da laso ko makuba, a sa indararo. Da irin wannan aiki aka gina Gidan Rumfa a Kano, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499). Da shi kuma Babban Gwani ya ɗaga masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, wajen shekarun 1830, har yau masana gini daga Turai suna zuwa kallon bakan gizonsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba, ƙasa ita kaɗai ba wata gwanar tare zafi ba ce. Zafi yana ratsa ta kusan kamar yadda yake ratsa jan bulo da aka gasa. Kankare ya fi ta saurin wuce da zafi, kamar ninki biyu. Kwanon rufi kuwa ba a magana, ya fi ta sau hamsin. Wanda ya fi kowa tare zafi shi ne iskar da ke kulle wuri guda, kamar wadda ke cikin jinka ko tsakanin kwano da silin. Sirrin soro kauri ne. Bango mai kaurin ƙafa ɗaya ko fiye yakan sha zafin rana a hankali, ba ya kai shi cikin ɗaki sai bayan kamar awa takwas, lokacin rana ta faɗi. Da hunturu wannan rahama ce, ɗumin yini shi ke raka ka dare. Da bazara kuwa, kada mu yi wa kanmu ƙarya, kakanninmu ma tsakar gida suke shimfiɗa tabarma. Amma da tsakar rana zaure ya fi ko'ina daɗin zama.

Kwano ya shigo tare da Turawa da jirgin ƙasa, wanda ya iso Kano a 1911. Siminti ya biyo baya: kamfanin Sakkwato ya fara aiki a 1967, na Ashaka a 1979. A tsakani, cikin 1975, kuɗin mai ya sa aka yi odar siminti har jiragen ruwa ɗaruruwa suka toshe tashar Legas. Daga nan gidan ƙasa ya zama alamar talauci. Kuma a yi adalci, yaɓe duk shekara wahala ce, yoyon soro da damina ba daɗi. Shi kansa masallacin Zariya daga baya sai da aka lulluɓe shi da sabon gini na siminti.

A daidai wannan zamani aka yanke shawarar kafa Abuja, a 1976, gwamnati ta tare a ƙarshen 1991. Iyayenmu suka zo neman abinci, suka sauka a ƙauyukan Gbagyi irin wannan namu na hanyar filin jirgi. Masu ƙasar suna da nasu ɗakunan ƙasa da rufin ciyawa, waɗanda suka dace da ruwan nan, don daminar Abuja ta fi ta Kano tsawo da yawa, soron azara ba zai ji daɗinta ba. Mu kuwa ba mu ɗauki nasu ba, ba mu kawo namu ba. Aka riƙa buga bulon ƙasa a akwati, ko na siminti mai inci 6, a jera layi ɗaya, a kifa kwano a kusa da kai, taga ɗaya kamar ta kurkuku. Wa zai kashe kuɗi a bango mai kauri alhali kullum ana jin ƙishin-ƙishin rusau? Kuma kowane taku na fili ɗakin haya ne.

Irin wannan bango kafin la'asar zafi ya gama ratsa shi. Ramukan da ke cikin bulon siminti suna ɗan taimakawa, mai inci 9 ya fi mai inci 6, amma a ganina babban mai laifi kwano ne, shi ke kallon rana tun hantsi. Maigidan da ba shi da halin sake gini, ya fara da silin, ya bar kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama, ya buɗe taga ta biyu a bangon da ke fuskantar ta farko, ya dasa darbejiya ta yamma da ɗaki.

Shi ma tubali bai mutu ba. A ƙauyen Yama, jihar Tawa a Nijar, wani magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, a 1986 ginin ya ci lambar yabo ta Aga Khan.